Eskabeta tan 22, kadarko tan 15: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar manyan injuna. An ba ni aikin haƙa tafkin shayar da dabbobi a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gashaka, jihar Taraba. Injin da zan yi aikin da shi eskabeta ce CAT 320, tana Kano, ta wani maigidana ce, ya ba ni haya da rangwame. Nauyinta ya kusa tan 22. Daga Kano zuwa Gombe, Numan, Jalingo, Garba Chede har Bali ba na jin komai, kwalta ce ko da ta mutu a wurare. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an sauka daga titin Bali zuwa Serti. Hanyar jar ƙasa ce ta wajen kilomita 18, a tsakiyarta akwai kadarkon kankare, an kafa masa allo an rubuta tan 15. Mai lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injuna, ya ce kan motarsa da tirelar kaɗai sun doshi tan 20, ko wofi ba zai hau ba. Ruwan rafin yanzu iya gwiwa ne, amma muna cikin Maris, can kuwa da wuri damina take sauka.

To, in sauke ta a bakin titi ta taka da ƙafarta ta ratsa rafin? Ko a kwance ta a ƙetare da ita gunduwa-gunduwa? Ko in haƙura da rangwamen in nemi ƙaramin inji a Jalingo? Sannan nawa ake ɗaukar lobed yanzu? Miliyan 4 da rabi aka ce mini, na ji abin ya yi yawa.

Garba Mai Tifa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Ka dai kiyayi gadar Namnai, a 2024 ruwa ya karya ta, mun ga wahala a wurin, da jirgin ruwa aka riƙa fito da motoci. A lokacin lobed ba ta da wurin bi.

Bafullatanin Jalingo: Malam Garba, Namnai a hanyar Wukari take. Shi daga Numan zai shigo, ya bi Sunkani ya nufi Garba Chede. Ina ya haɗu da Namnai? A riƙa karanta tambaya kafin a ba da amsa.

Garba Mai Tifa: To ai gargaɗi ba ya ɓaci.

Abu Ɗan Kasuwa: Miliyan 4 da rabi zalunci ne. Bara na kai feloda, injin lodin ƙasa, daga Kano zuwa Yola a miliyan 1 da dubu 800.

Direban Lobed: Alhaji Abu, bara ba bana ba ce, Yola kuma ba Serti ba ce. Tafiyar da yake magana ta kusa kilomita 1,000, kuma mota wofi za ta dawo, babu wanda zai ba ni kaya daga Gashaka zuwa Kano. Kuɗin zuwa da dawowa kake biya. Ka lissafa man gas, ka lissafa taya, ka lissafa abin da ake ajiyewa a kowane shinge. Ni ƙasa da miliyan 4 ba na tayar da mota zuwa can.

Abu Ɗan Kasuwa: Ai dama wanzami ba zai ce aski ya yi tsada ba.

Musa Gombawa: Ni kuwa watan jiya aka ce mini miliyan 3 daga Gombe kawai zuwa Bali. In haka ne 4 da rabi daga Kano ma arha ce. Kama da wuri kafin ya sake tunani.

Baba Mai Buldoza: Yaro, bar zancen kuɗin lobed tukuna, ka zauna ka ji. Abin da kake shirin yi shi ya raba ni da filina na gado.

D7 gare ni, aikin share hanya aka ba ni a wani ƙauye cikin duwatsun Adamawa. Dillalin da ya haɗa ni da mai lobed ya rantse mini cewa ya san hanyar, akwai kwalbati ɗaya kawai, kuma tireloli masu ɗaukar masara kullum a kanta suke bi. Direban ya ƙi tsayawa gari ya waye, wai yana da wani lodi a Yola. Bayan isha'i suka iso wurin. Kan mota ya haye lafiya. Da tayoyin baya suka hau, inda duk nauyin yake, sai kankaren ya buɗe. Tirela ta zauna a ciki, buldoza ta karkace ta jingina da bakin rafi, sarƙa ɗaya ce ta riƙe ta. Da na iso washegari na leƙa karayar, rodin da ke ciki bai kai kaurin ɗan yatsana ba, tsakanin wannan da wancan kuwa sai ka zura ƙafa. A ido kwalbati ce mai kyau, har da fenti.

Kafin azahar mutanen gari sun kewaye mu. Ban ga laifinsu ba, hanyarsu ke nan ɗaya tak ta zuwa kasuwa da asibiti. Mai gari ya karɓi makullin mota da na buldoza ya sa a aljihu, ya ce ranar da aka gina musu sabuwa a zo a karɓa. Dillali ya kashe waya. Mai lobed ya ce shi haya aka ɗauke shi, ba shi ya zaɓi hanya ba, kuma kowace rana da motarsa ta kwana a wurin akwai kuɗin zama a kaina. Babu takarda tsakaninmu, da baki aka yi komai, wa zan kai ƙara? Kiren da za ta ɗaga D7 ba a kowane gari ake samunta ba, wadda muka samu kuɗin zuwanta ya fi kuɗin lobed ɗin. Ana cikin haka ruwa ya sauka. Injina ya yi fiye da wata biyu a wurin, kaji har ƙwai suka yi a kan kujerar ofareta. Na gina kwalbati, na biya kiren, na biya kuɗin zama, waɗanda suka ba ni aikin kuma suka ƙwace suka ba wani, wai na saɓa wa'adi. Filin da mahaifina ya bar mini shi na sayar na fita.

Hajiya Mai Siminti: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Musa Gombawa: Allah ya kiyaye gaba. Shi dillalin an same shi?

Baba Mai Buldoza: Yana nan yana yawonsa, har Makka ya je. Mun haɗu a wani ɗaurin aure ya miƙo mini hannu.

Bazazzagi: Baba, a yi haƙuri da tambaya, ƙwan da kajin suka yi, na mai inji ne ko na mai gari?

Baba Mai Buldoza: Kai dai Allah ya shirye ka. Karen motar ne ya soye su.

Sabon Shiga: Baba, Allah ya musanya da mafi alheri, jikina ya yi sanyi. Amma ni dama ba da lobed zan hau ba. Tambayata ita ce injin shi kaɗai, ko a kwance.

Injiniya Sadiya: Bari in ɗan yi lissafin da aka tambaya. A babban titi ba ka da matsalar nauyi: tan 22 da tan 20 sun ba ka 42, ƙa'idar ECOWAS kuwa ga mota mai aksil 6 tan 51 ce. Abin lura a can shi ne faɗi, don 320 ta kai wajen mita 3, ƙa'ida kuma mita 2.55 ce, saboda haka kayanka mai faɗi ne, sai da jan ƙyalle da fitila, kuma kada a yi tafiyar dare.

Kadarko kuwa, injin shi kaɗai ya haura abin da aka rubuta da tan 7, kuma duk nauyin a kan kaca biyu da take takawa da su yake, tsawonsu bai wuce mita 4 da rabi ba. In kadarkon gajere ne, gaba ɗaya nauyin zai zauna a kansa lokaci guda. Kada ka hau. In aka cire ƙarfen nauyi na baya, wajen tan 4 ke nan. Bokiti da hannun gaba ɗaya za su ba ka wani tan 3 zuwa 4. Ka ga ka dawo 14 zuwa 15, wato daidai bakin iyaka, babu rarar komai. Kuma allon nan ranar da aka gama gini aka rubuta shi. Shekara nawa ruwa yana cin ƙarƙashin ginshiƙan? Kafin ka yanke komai, ka je da injiniyan ayyuka na ƙaramar hukuma a shiga ƙarƙashi a duba: tsagewa, rodi a waje yana tsatsa, rami a gindin ginshiƙi. Duk abin da ya ce, ya rubuta ya sa hannu.

Direban Lobed: Hajiya Injiniya, da girmamawa, wannan lissafin ofis ne. Tun kafin a san wayar hannu nake jan lobed. Na haye gadar da aka rubuta tan 10 da kaya tan 30, ko gezau ba ta yi ba. Masu rubuta allon nan rage lamba suke yi don kare kansu. A shimfiɗa katako masu kauri, a bi a hankali da giya ɗaya, kada a taka burki a tsakiya, shi ke nan.

Injiniya Sadiya: Malam direba, gaskiya ne ana barin rara a lissafi, amma an bar ta ne saboda tsufa da ha'incin magina, ba don a cinye ta ba. Katakon da aka shimfiɗa a kan kankare yana kare fuskarsa daga kaca ne kawai, nauyin yana nan a kan kadarkon. Sai in ƙarfe ne dogo da zai zauna a kan ƙasa ta wannan gaɓa da waccan, ya tsallake kadarkon ɗungurungum. Gadar da ka haye ba ta faɗi ba, Alhamdu lillahi. Ka koma ka duba ta bayan damina?

Direban Lobed: Ni aikina in kai kaya, ba in koma gaishe da gada ba.

Baba Mai Buldoza: Kalmar da direbana ya faɗa ke nan a daren, harafi da harafi: a bi a hankali da giya ɗaya. Yaro, duk wanda ya ce maka hau, ka ce ya rubuta cewa in ta karye shi zai gina. Ka ga ko alƙalami zai yi rubutu.

Direban Lobed: Baba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Naka direban da dare ya shiga, ko sauka bai yi ya duba ba. Ni sai na taka hanya da ƙafata.

Abu Ɗan Kasuwa: Ni dai a nan maganar wanda ya yi asara nake ɗauka. Injiniya ba ta taɓa biyan kiren daga aljihunta ba, direba kuma ba injinsa ba ne.

Hajiya Mai Siminti: Alhaji Abu, kai da ko hanyar ba ka sani ba kake raba wa mutane maki? Ita kaɗai ce ta amsa abin da yaron nan ya tambaya.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan wajenmu ba a wannan gardama, sikeli ke magana. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta ce aksil guda mai taya biyu-biyu kada ya wuce tan 12. Kamyo ya hau sikeli, in ya wuce a ci ka tara, kuma ka sauke abin da ya ƙaru. Inji ba buhun gero ba ne da za a rage, shi ya sa tun daga gida muke cire bokiti da ƙarhen baya mu ɗora a wata mota. Kuɗɗin mota ta biyu ya hi tara sauƙi.

Musa Gombawa: Ba kun fita daga ECOWAS ba?

Ɗan Maraɗi: Mun hita ECOWAS, ba mu hita UEMOA ba. Sikeli na nan.

Ofareta Ɗan Tudun Wada: Oga Sabon Shiga, ni 320 nake tuƙawa, bari in gaya maka yadda muke yi. Kwancewa ka ajiye ta gefe in ba dole ba. Ƙarfen bayan nan ba a mayar da shi da hannu, sai da hayab, wato mota mai hannun ɗaga kaya, ko kiren, ita ma kuma sai ta haye kadarkon ta jira ka a can. Tiyon haidrolik da aka kwance a daji, in ba a toshe bakinsa da kyau ba ƙura ta shiga, famfo za ka saya, kuɗinsa kuwa ya isa ya cinye ribar aikin.

In ruwan iya gwiwa ne kuma ƙasan rafin yashi ne da tsakuwa, ratsawa ta fi. Injin da kansa zai sassabe gaɓa ya yi wa kansa gangara, nesa da kadarkon don kada a taɓa gindinsa. Kafin ya shiga, ofareta ya miƙa bokiti ya danna ƙasan ruwan, in ya nutse cikin laka a canja wuri. Ruwa kada ya wuce rolar sama ta kaca, kada ya kai inda jiki yake juyawa. An fita, a sake ɗura giris. Tafiyar kilomita 18 kuwa, gudunta bai kai kilomita 6 a awa ba, kuma ba don doguwar tafiya aka yi ta ba. Giyar ƙafa da rololi suna ɗaukar zafi, sai ana tsayawa ana taɓawa da hannu, in ya yi zafi a jira. Haƙoran da ke jan kaca su kasance a baya. Ka ba ta yini guda cur, ka fito da asuba. Inda za ta taka kwalta wurin sauka, a jera tsofaffin tayoyi.

Injiniya Sadiya: Wannan na yarda da shi, in ƙasan ya yi tauri. Sai dai a nemi izinin mai gari da masu gonakin bakin rafi tukuna, kuma a gyara gaɓar bayan an wuce.

Bafullatanin Jalingo: Duk kun manta abu guda. Shiga kuke ta lissafi, fita fa? Aikin tafki ba na mako ɗaya ba ne. Ya shiga a Maris, ya gama a Mayu, rafin da yake iya gwiwa ya koma iya wuya. Mu nan mun san ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mambila, yana iya cika rafi alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba. Injin zai zauna sai Nuwamba ko Disamba. Maigidanka ya yarda da haka? Da wane farashi?

Sabon Shiga: Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Dubu 200 a rana muka yi da shi, ban da mai, amma ba mu yi zancen ranakun zama ba.

Abu Ɗan Kasuwa: Dubu 200? A Abuja 350 ake bayarwa.

Musa Gombawa: 280 ne, na ɗauka kwanan nan.

Bazazzagi: Ku bar Bakano da lissafinsa. Ya ga rangwamen dubu 80, zai jawo inji daga Kano har gindin Mambila. Da akwai hali a bayan Keke Napep zai ɗaure ta.

Sabon Shiga: Bazazzagi, ku da ko tafkin ba a ba ku ba. Bari in gama da manya tukuna.

Hajiya Mai Siminti: Ni shawarata ka nemi JCB mai taya a Jalingo ko Yola, wadda take da bokiti gaba da baya. Tan 8 ce ko sama kaɗan, da ƙafarta za ta haye kadarkon ta dawo, ko ana ruwa.

Ofareta Ɗan Tudun Wada: Hajiya, tafkin shanu da JCB? Abin da 320 za ta kwashe a yini sai ta yi kwanaki tana fama, in aka tarar da marmara kuwa sai dai ta yi ta susa. Man da za ta sha a tsawon lokacin ya cinye bambancin.

Baba Mai Buldoza: Mai! Ka taɓo inda yake mini ciwo. Lokacin da injina yake kwance a rafin nan, tankinsa cike yake, ga duro biyu a kan tirela. Ranar da aka ɗaga shi ko na tayarwa babu. Ofareta da karen mota suka ce rana ce ta shanye. Yaro, ko ka ƙetare lafiya, a daji man gas ne zai kashe ka, ba kadarko ba.

Abu Ɗan Kasuwa: Wannan gaskiya ne. Nawa ofaretan kullum lita 200 yake rubutawa. Da na sa yarona ya zauna a wurin da littafi, sai ta koma 130. Duk ƙauyen da inji ya sauka, mai injin niƙa ya daina zuwa gidan mai.

Ofareta Ɗan Tudun Wada: Alhaji, a yi mana adalci. 320 tana shan lita 15 zuwa 20 a awa, gwargwadon taurin ƙasa. Awa 8 a laka daban, awa 10 a marmara daban. Ga agogon awa a jikin inji, ku duba ku lissafa, ba sai an kira mutum ɓarawo ba. Kuma tunda an zo nan, ku faɗi ɗaya gefen. A kai mutum daji wata uku, kuɗin abinci sai ya yi ta kira ana kashe waya, a ƙarƙashin inji yake kwana, sauro ya cinye shi, in ya kwanta ciwo a yanke masa kuɗin ranar. Wanda ya sayar da jarka ɗaya ya sayi maganin zazzaɓi, shi ne ɓarawo, wanda ya riƙe albashin wata biyu shi ne Alhaji.

Abu Ɗan Kasuwa: Agogon da kuke cire wa waya? Ni ban taɓa riƙe haƙƙin kowa ba.

Direban Lobed: Mu ma haka ake mana. A ba ka kuɗin hanya ƙididdige, kamar ba a san daga Kano zuwa Jalingo kowace ƙaramar hukuma da yaranta masu katako mai ƙusa da rasit ɗinsu ba. Sun ga inji a baya, farashi ya ninka. In ka dawo ka ce kuɗi sun ƙare, a ce ka ci.

Garba Mai Tifa: Rasit ɗin da ke gaban motata ya fi takardun makarantar 'ya'yana yawa. Akwai wanda aka ba ni wai na rediyon mota, motar da ko rediyo babu.

Hajiya Mai Siminti: Ku masu tifa ku yi shiru. Yashi tifa goma na biya, takwas aka sauke mini, direban ya ce sauran biyun iska ta kwashe a hanya.

Garba Mai Tifa: Hajiya, wace tifar? Mai taya 6 ko mai taya 10? Don in dillali ne ya karɓi kuɗin mai taya 10 ya turo miki mai 6, ba direba za ki kama ba. Turo mini lambar motar ta akwatin sirri, ƙila na san mai ita.